Warin da Ya Shigo Gidan Tela

A kasuwar kayan gwari Hanci suke ce mata, tana kuma amsawa. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana saye wa wani gidan abinci da ke bakin tasha kayan miya. Ba ta girki, ba ta wanke-wanke. Aikinta ta iso kasuwa kafin rana ta yi zafi, ta zaɓo, ta kai sito, ta jera, ta tabbatar abin da aka saya ranar Litinin ya kai Juma'a bai zama ruwa ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa. Ba ta da fara'a, ba ta kuma taɓa ganin ranar da rashinta ya hana ta cin abinci ba.

Ba ta kallon saman kwando, don ta ce saman kwando na mai kaya ne, ƙasan shi ne na mai saye. Sai ta durƙusa, ta kai hanci gefen kwandon, can ƙasa inda nauyi ya taru, ta shaƙa sau biyu.

"Hanci, wannan jiya da yamma aka tsinko shi," in ji mai tumatir, wani dogo mai haƙorin gaba ɗaya wanda suka shekara ashirin suna faɗa.

"Jiyan wace shekara? Juye."

"Haba uwata, da safen nan?"

"Juye, ko in yi gaba."

Yana juyewa sai ga biyar a ƙasa sun fashe suna tsiyaya.

"Ke dai mayya ce, wallahi."

"Kai kuma ɓarawo. Ka ga ai muna zaman lafiya."

Albasa wuyanta take dannawa da babban yatsa. In ya lotsa, ta mayar. Kabeji ta ɗaga ta ji nauyinsa, ta duba gindin da aka yanke. Ganyen da ta tarar an yi wa wanka da ruwa fiye da kima ba ta ko taya shi, ta san yaushi ake ɓoyewa. A sito kuwa dokokinta kaɗan ne, amma wanda ya karya ɗaya zai ji ta bakinta har la'asar. Ba a wanke tumatir sai an tashi amfani da shi. A jera shi ɗaya-ɗaya a kan faranti, bakinsa ƙasa, kada a ɗora wani kan wani. Albasa da dankali ba sa kwana kusurwa ɗaya. Ayaba a rataye ta nesa da kowa, don ita makira ce, in za ta nuna sai ta ja maƙwabta. Leda kuwa ko ganinta ba ta son yi. Kowace safiya sai ta bi kayan da hannu, ta juya kowane, ta tsame wanda ya fara.

Wannan matar, wadda kasuwa guda ke tsoron hancinta, ita ce ta yi kwana tara tana neman ruɓaɓɓen abu a gidanta, alhali abin da ke ruɓa ƙafar mijinta ce.

Mijin tela ne. Shagonsa na ƙasan benen da suke haya, ɗan tsukuku mai ƙofa ɗaya, da keken ɗinki irin na takawa wanda ya girmi 'ya'yansu duka. Sun haifi huɗu, kowa ya kama gabansa, aka bar su su biyu a ɗaki biyu da falo. Tela mutum ne mai barkwanci da son zaƙi. Shekara shida da suka wuce aka ce yana da ciwon suga, aka ba shi ƙwayoyi da takardar abin da zai bari. Ƙwayoyin yana sha in ya tuna, takardar kuwa ya yanke ta ya yi awon aljihu da ita.

Ranar Talata warin ya fara. Ta dawo daga aiki da azahar, ta buɗe ƙofar falo, ta tsaya cak. Ba ƙarfi gare shi ba. Wani irin wari ne mai ɗan zaƙi-zaƙi a sama, da nauyi a ƙasa, kamar gindin kwandon da ya kwana uku a mota. Ta ajiye jaka ta nufi kicin. Ta juya tumatir ɗinta goma sha biyu, duk lafiya. Ta danna wuyan albasa, ta zazzage dankali a ƙasa ta bi shi ɗaya-ɗaya. Babu ko tabo.

Washegari ta janye firji ta leƙa bayansa. Ta kwashe kwanuka, ta wanke kantar kicin da ruwan zafi, ta zuba ruwan omo a magudana. Warin ya lafa da safe, da yamma ya dawo. Bai zo mata a rai ba cewa da safe Tela yana sauka shago, da yamma yana hawowa. Ko kuma ya zo ta kore shi. Masu cewa ba ta sani ba suna yi mata kara ne.

"Baban yara, ba ka jin wani abu a gidan nan?"

"Ina ji mana. Ina jin yunwa."

"Ba da wasa nake ba."

"Ke dai hancin nan naki wata rana sai ya kai ki kotu. Ɓera ne ya mutu a silin. Ki bar shi, shi ma yana da haƙƙin kwanciya."

Ya yi dariya, ya gyara zama, ya tura ƙafarsa ta hagu ƙarƙashin kujera. A cikin zafin nan safa ce a ƙafarsa, baƙa mai kauri. Ya ce sanyin siminti ne ke shigarsa. Ya kuma koma kwana a falo, wai fankar can ta fi ba da iska. Ya sayo wani turare mai hawa kai yana fesawa har a wando. Duk ta gani. Ta sa aka buɗe silin, mai gyara ya leƙa da tocila ya ce babu komai sai yana.

Dalilin da ya sa ta ƙi gani ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ta san warin. Tana da shekara ashirin da shida ta taɓa jin sa a ɗakin mahaifiyarta, wadda ta daɗe kwance. Ranar ta ɗora laifin a kan wata ayaba da aka kawo dubiya, ta fitar da ita, ta share ɗakin, ta koma gidanta. Da aka juya tsohuwar bayan mako biyu, bayanta ya riga ya buɗe. Ba ta yi wata ba ta rasu. Babu wanda ya taɓa ce wa Hanci laifinta ne, ita ma ba ta taɓa faɗa wa kowa ta ji ba. Shi ya sa da warin ya sake tarar da ita a falonta bayan shekara talatin da wani abu, ta gwammace ya zama albasa.

Rana ta biyar ta zubar da albasa rabin buhu, lafiyayya, wadda ita da kanta ta zaɓo. Ta shida ta ba maƙwabciya dankalin. Ta bakwai babu ɗanyen abu ko ɗaya a gidan, ko barkono. Ta tsaya tsakiyar kicin, kantoci wayam, kwanduna a kife, ta shaƙa. Yana nan. Har ya fara zama a labule da matashin kujera. In ta ɗauki rigar Tela za ta wanke sai ta riƙe numfashi, ba ta kuma tambayi kanta me ya sa ba.

A kasuwa ma aka ga alama. Ta karɓi kwandon tattasai ba ta ce a juye ba. Mai tumatir ya bi ta da kallo.

"Hanci, lafiya? Yau ba ki zage ni ba. Ko na yi laifi ne?"

"Ban yi barci ba ne."

"To ki yi. In kika lalace wa zai riƙa hana mu cin haram?"

Ranar Laraba, kwana na tara, ta tashi aiki da wuri ta kai wa Tela abincin rana shago, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Tun daga bakin titi ta ji keken ba ya tafiya yadda ta saba ji. Da can sautinsa a miƙe yake kamar ruwan sama a kan kwano. Yanzu yana yi yana tsayawa. Da ta shiga ta ga da ƙafar dama kaɗai yake takawa, ta hagun ya miƙe ta gefe cikin takalmi sau-ciki wanda bai ɗaure ba.

Ta buɗe kwanon ta ajiye a kan teburin yanka. Abinci da zafinsa, da nama a kai. Akwai ƙudaje uku a shagon. Ta tsaya tana kallonsu, don a kasuwa ƙuda ba ya ƙarya, shi ne ke fara nuna wa mai ido inda ɓarna take. Ko ɗaya bai je kan kwanon ba. Duka ukun suna kan takalmin hagu, ya kore su da tsumma, su tashi su dawo.

Ta ja ƙofar shagon ta rufe.

"Cire."

"Me zan cire?"

"Baban yara, kada ka mai da ni mai tumatir. Cire takalmin."

"Ɗan ƙaramin ciwo ne. Fil na taka, wata guda ke nan. Ko zafi ba ya yi."

"Wata guda."

"Ina sa masa magani. Kin san asibiti, ka je da ƙurji su ce a kawo zarto. Mai gyaran agogo na can kwana, da yatsa ɗaya ya je, ya dawo ba gwiwa. In suka cire min ƙafa da me zan taka keke? Da hancinki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa a kan ƙyallayen da ke ƙasa, ta zare takalmin da kanta. Safar ta manne. Ta jiƙa ta da ruwan butar shago, ta bi ta a hankali har ta fita. Babban yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi kamar gawayi. Ƙasansu rami ne, kumburi kuma ya yi ja ya haura har tsakiyar tafin. Ta danna gefen da babban yatsanta, ya lotsa bai dawo ba. Tela yana kallon bango.

"Ka ji wannan?"

"Ban ji ba."

Ta miƙe, ta fita titi ba ko mayafi a daidai, ta tsayar da tasi. Tela ya ce a bari ya ƙarasa wandon mutane. Ta ce mai wandon ya yi yawo da zane. Direban ya sauke gilashi duka huɗu tun kafin su kai mahaɗa.

Likitar da ta duba shi yarinya ce, sa'ar autarsu. Ta daɗe tana kallon ƙafar, ta zana layi da biro a inda jan ya tsaya, sannan ta juyo.

"Mama, yaushe kuka lura?"

Tela ya yi wuf ya ce, "Ba ta sani ba, ni na ɓoye."

"Kwana tara," in ji Hanci.

Likitar ba ta yi mata faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kawai da an zo makon jiya, mai yiwuwa yatsu biyun kaɗai za a taɓa. Yanzu sai abin da suka tarar a ciki. In ya wuce layin biron nan zuwa safe, maganar ta koma ta gwiwa.

Bai wuce ba. Aka yanke rabin ƙafar, yatsu duka da abin da ke bayansu, aka bar masa diddige da idon sawu. Ya yi mako biyar a gado yana tsokanar masu jinya, yana ce wa masu dubiya yanzu rabin kuɗin takalmi zai riƙa biya. 'Ya'ya suka zo suka yi kuka suka koma. Babban ɗan ya ce zai sayo wa keken injin lantarki, Tela ya ƙi. Bayan wata huɗu ya koma shago da takalmi na musamman, ya koyi takawa da dama a gaba, diddigen hagu a baya yana taimakawa. Ɗinkin ya ragu, amma yana yi.

Ciwon ya warke sarai, fata ta rufe. An canja labule, an yar da matashin kujera, an yi wa falon fenti. Kowa ya shigo sai ya ce gida ya yi ƙamshi. Ita kaɗai ke jin sa har yanzu. Takan ji shi a bakin ƙofa in ta dawo da azahar. Takan ji shi a kasuwa, a gindin kwandon da babu abin da ya same shi. Ta sa a juye, a bi ɗaya-ɗaya, a tarar duk garau, mai kaya ya kwashe yana ƙunƙuni. Da abin ya yi yawa ta je ta gaya wa mai gidan abincin ya nemi wata, ita hancinta ya daina faɗa mata gaskiya. Ya ce ta zauna ko don hannunta da idonta. Ta ƙara shekara biyu, sannan ta ajiye.

Yanzu na gida kawai take saye, kaɗan-kaɗan, na kwana biyu. Wata safiya tana ɗaure jaka za ta fita, Tela yana zaune bakin gado yana sa takalminsa, ya ga ta tsaya ta ɗaga kai, hancinta na motsi.

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Maman yara, likita ta ce babu komai. Jiya-jiyan nan ta duba."

"Na ji ta."

"To?"

"To miƙo in gani."

Ya yi tsaki, ya ce ko fursuna ana ba shi hutu. Sannan ya zare takalmin ya miƙa mata abin da ya rage.