Kuɗin Ƙofa a Jarwal

Shagon askina a Jarwal, wata unguwa a Makka, yana kallon ɗakin littattafai ne. Lungu kawai ya raba mu, irin lungun da jaki biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya yi haƙuri. Ɗakin yana ƙasan wani tsohon gida da ake sauke alhazai marasa hali, kuma ba wanda ya kafa shi da niyya. Mutum zai taso daga Kano ko Agadas da gafakarsa, ajali ya same shi a Mina, ko kuwa ya sayar da komai nasa don kuɗin komawa ya rasa mai sayen takardu, sai a kwaso a jibge a can. Da haka abin ya taru har ya cika bango uku. Larabawan unguwa suna ce wa wurin maktabar Takari, mu kuwa ɗakin Malam muke cewa.

Malam wani tsoho ne siriri mai saurin fushi. Ta Sudan ya biyo kamar iyayena, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a hanya kafin ya ƙetare teku. Yana buɗe ɗakin lokacin da ya ga dama, in an yi azahar ya ja tabarma ya yi matashi da littafi mafi kauri. Masu zuwa karatu ba su da yawa, kuma duk wanda ya zo sai ya sha tambaya kamar mai neman aure: ɗan wa ne, me zai yi da littafin, ya wanke hannu ko bai wanke ba.

A shekarun nan, wato tsakiyar shekarun sittin, ɗakin yana ƙarƙashin asusun jama'armu. Dattawa ne ke riƙe da asusun, babbansu kuma kawuna ne, yayan mahaifiyata. Bayan aikin Hajji kowa yakan jefa abin da ya samu. Daga nan ake sayen likkafani, a tallafa wa iyalin wanda aka kama ba iƙama, wato takardar izinin zama, a dafa shayin baƙi. In wani abu ya rage, sai a tuna da Malam. Ba ya cika raguwa, domin dattawan nan sun iya shan shayi.

Ƙofar ɗakin ce ta fara ruɓewa daga ƙasa. Awakin Makka kuwa kowa ya san takarda ce abincinsu. Wata rana Malam na barci, akuyar mai gasa burodi ta kutsa ta cinye rabin wani littafi na hukuncin rabon gado. Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mutane suka riƙa cewa duk wanda rabon gado ya rikice masa ya je ya tambayi akuya, ita kaɗai ta haɗiye ilmin a Jarwal. Malam ya ɗauki guntun littafin ya kai wa Kawu, ya ce a yi masa sabuwar ƙofa. Kawu ya ce sai bayan Hajji. Bayan Hajji ya ce sai an gama da wasu jana'izu. Da Malam ya matsa, Kawu ya gaya masa gawa ba ta jira, littafi kuwa ko shekara ɗari sai ya jira.

A shagona Malam ya zo ya sauke fushinsa, ina yi masa aski. Ya ce a Sudan ya ga yadda ruwan gona ke da nasa asusu dabam, ba ya jiran ragowar kowa. Haka za a yi wa littattafai. A cire ɗakin daga hannun dattawa, a shata iyaka, duk ƙofar gida ko shago da ke cikin iyakar ta biya wani abu kaɗan kowane wata, masu biya su zaɓi masu kula da kuɗin. Ni ba makaranci ba ne, amma ina son rigima, kuma da ma ina jin haushin Kawu tun da ya hana ni aron tabarmin jama'a ranar sunan ɗana. Na ce ina tare da shi.

Sai da muka fara zuwa wurin umda, wato mai unguwa. Balarabe ne mai ƙiba, ba ya son a tashe shi daga kujera. Malam ya yi masa bayani da Larabcinsa na littafi, ya yi kuskuren ambaton haraji. Umda ya ajiye kofin shayinsa.

“Haraji na hukuma ne, ya shaikh,” in ji shi. “Rabinku ba takarda, kuma kuna so ku kafa daula a unguwata? Ku sa masa wani suna, ni kuma ban ji komai ba.”

A hanyar dawowa muka raɗa masa suna kuɗin ƙofa.

Neman goyon baya ni aka bar wa, kuma ban sha wahala ba. Ba na tayar da maganar sai na jiƙa gemun mutum, na ɗaga haɓarsa, aska ta sauka a maƙogwaro. Daga nan sai in tambaye shi ra'ayinsa a kan littattafai. Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba. Ranar da aka taru a ƙofar masallaci bayan la'asar, mafi yawan mutane suka ɗaga hannu a raba ɗakin da asusun dattawa. Na zaci Kawu zai yi faɗa. Murmushi ya yi, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya miƙa wa Malam mabuɗin ƙofar da ba ta kulluwa.

Shata iyaka ya fi taron daɗi. Aka ce daga tanderun mai burodi zuwa inda ake ɗibar ruwa. Ni na ɗauki kwanon shuni, Malam na gaba yana nuna ƙofofi da sanda, ina shafa alama. Mai tsiren da ya ɗaga hannu biyu a wurin taro, da ya ga shuni ya matso, ya kinkimi tukubarsa ya koma hayin lungu, taku kaɗan bayan iyaka, hayaƙinsa kuma ya ci gaba da shiga ɗakin littattafai kyauta. Wani attajiri mai sayar da tasbaha da darduma yana da gida mai ƙofa biyu. Babbar tana cikin iyaka, ƙaramar kuwa tana buɗewa ne a bayan gida inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Ya sa aka buga wa babbar ƙusa. Watanni ya yi yana fita ta baya, ya tattare farar rigarsa har gwiwa yana tsallake kwata, don kada ya biya abin da bai kai kuɗin shayinsa na rana ɗaya ba.

Wadda ta fara biya surukata ce, uwar matata, muna ce mata Inna. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune a ɗakinta ita kaɗai, tana sayar da soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli a bakin lungu. Ba ta san alif ba, amma ba a taɓa cutarta a ciniki ba. Ta kwance bakin mayafinta ta biya ba musu, har na yi mamaki. Washegari da hantsi na hango ta daga shago ta ajiye farantin gyaɗarta, ta cire takalmi, ta shige ɗakin Malam ta zauna. Tun da aka fara tara takardu a wurin mace ba ta taɓa shiga ba. Na bar wani da rabin kai a aske na ruga.

Na tarar Malam a tsaye ya manne da bango, yana tambayarta ko ɓatan hanya ta yi.

“Ban ɓata ba, Malam,” ta ce. “Jiya na biya. Ni kuwa ban taɓa sayen abu ban duba shi ba.”

Ya ce ai ba ta iya karatu ba. Ta ce shi ya sa ake ba shi ɗan alheri, ya ɗauko ɗaya ya karanta mata ta ji. Malam ya dube ni yana neman agaji. Na tuna a gidan wa nake cin tuwo, na ce masa ina da aiki a shago.

Ba a yi mako ba ta dawo da ƙawayenta, masu sayar da waina da masu wankau da masu daka yaji. A nan ne muka gane abin da ba mu lissafa ba. Mun ce kowace ƙofa da ta biya tana da murya wajen zaɓen masu kula da asusu. A lungunanmu kuwa maza da yawa sun mutu, wasu an kama su an mayar da su gida, wasu sun tafi Jidda neman aiki ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ƙofofin mata ne ke riƙe da su, kuma su ne ba sa fashin biya. Maza suka ce mace ba ta zama a majalisa. Inna ta ce ba su nemi zama ba, su ma suna da aikin yi. Suka zaɓi maza uku da suka san za su iya juyawa, ni ne na farkonsu. Kowace Juma'a da safe sai in je in gaishe ta, in karɓo abin da majalisa za ta yanke.

Gaskiya aiki ya yi kyau. Aka sa sabuwar ƙofa mai sakata. Aka sayo randa da moɗa, aka yi shimfiɗa, wani kafinta ɗan Barno ya kafa katakai aka ɗaga littattafai daga ƙasa. Alherin Malam ya riƙa zuwa a kan kari, abin da bai taɓa gani ba. Amma da sharaɗi. Ɗaki zai buɗe da hantsi, ba barci sai an rufe. Safiyar Litinin da ta Alhamis na mata ne, a rataya labule, Malam ya zauna a bayansa ya karanta ya fassara musu da Hausa. Kuma an hana shi korar yara sai in sun yi ɓarna da gaske. Samarin da aka haifa a Makka, waɗanda Hausarsu ta fara karyewa, suka fara leƙowa saboda ruwan sanyi, wasu suka zarce da karatu.

Malam ya yi ƙiba kaɗan, amma kullum fuskarsa a murtuke. In ya zo aski sai ya yi ta ƙorafi. Ya ce da can yana fama da yunwa amma ba mai tambayarsa ina ya kwana. Ya ce matan nan ba sa barin mutum ya gama jimla. Ya karanta hukunci, su ce wa ya faɗa, shi mai littafin yana da mata kuwa, ya taɓa daka da hannunsa. Wata mai waina ta taɓa sa shi ya maimaita babin haƙƙin mace a kan mijinta har sau da yawa, sannan ta aika aka kira nata mijin ya tsaya a bakin taga ya saurara.

Da abin ya ishe shi, ya roƙe ni in raka shi wurin Kawu a ɓoye. Muka same shi da dattawa an kewaye butar shayi. Malam ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi zumunci, ya ce rarrabuwa ba ta da albarka, daga ƙarshe ya fito fili ya ce a mayar da ɗakin ƙarƙashin asusun jama'a. Kawu ya zuba masa shayi da hannunsa.

“Malam, tun da kuka tafi ba wanda ya zo mini da maganar ƙofa,” ya ce. “Kuma in na karɓe ka, da matan nan zan karɓe ka. Ni na tsufa.”

Muka shanye shayin muka tashi. Kafin mu iso lungunmu labari ya riga mu, domin matar Kawu ƙawar Inna ce. Inna ta ƙyale Malam. Ni ta kira, ta tambaye ni ko ƙafafuna sun huta, ta ce daga yau an ɗauke mini wahalar majalisa. Aka sa mai burodi a madadina. Ban yi baƙin ciki sosai ba, don aski ya fi rufin asiri.

A lokacin Malam ya gaji da littattafan hukunci da gardamar da suke jawo masa, ya koma karanta musu wani tsohon labarin matafiyi, marar bango, ba a san ma wanda ya rubuta ba. Wannan kam shiru suke yi, har masu goyo. Daga shagona ina jin muryarsa tana hawa tana sauka, wani lokaci in tsayar da aska in saurara. Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da shi, a tsakiyar zafi, har aka fara cewa a yafe masa. Ɗakin ya zauna a rufe. Inna ta dama kunun gyaɗa ta ba ni in kai masa, da saƙo. Na same shi a kwance ya rame, ido ya faɗa. Na ce Inna na gaishe shi, ta ce ya bar musu mutum a tsakiyar teku jirgi na yoyo, ya daure ya tashi ya fid da shi kafin ya yi wani tunani.

Malam ya yi tsaki, ya ce ko mutuwa ba za a bar mutum ya yi cikin natsuwa ba. Ya sa na tallafe shi ya shanye kunun tas. Kwanaki kaɗan bayan haka na gan shi ya fito yana dogara sanda, ya wuce shagona bai ko dube ni ba. Ranar Litinin ce, mata sun riga sun cika bakin ƙofa da farantansu. Ya ce a matsa masa, ya zauna a bayan labule, ya yi tari mai tsawo, ya tambayi inda aka tsaya. Mata da yawa suka amsa masa a tare, kowacce da nata wurin, aka yi ta musu har sai da mai burodi ya leƙo ya ce a rage murya. Ban ji yadda matafiyin ya ƙare ba, domin a ranar wasu alhazan Indonesiya da suka gama Umra suka cika mini shago har azahar.