Garin da Ake Tsoron Hadari

A shekarar da soja suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mazarƙwaila ta yi kwantai a kasuwar Makarfi. Kawuna, manomin rake a Dandamisa, ya ji labarin wani gari can cikin hamada, gaba da Agadas, inda ake musayarta da dabino. Ya tattara duk abin da ya dafa da rani, guminsa na shekara, ya ce in raka shi. Albashinmu na malamai ya maƙale, zaman me nake yi?

Muka yi ta tafiya a saman babbar mota har na gaji da tambayar ko mun kusa. Ba ciyawa, ba tsuntsu, sai rairayi. Kwatsam sai ga kore cikin wani kwari, dabino reras, ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Gidajen ne suka ɗaure mini kai, wai da ƙasar gishiri aka gina su. Sai da na lashi bango na yarda.

Mai masaukinmu dattijo ne mai ƙarancin magana, yana jin Hausa. Ya ba mu ɗaki muka jibge kaya, ya ce mu jira dabino ya ƙarasa nuna.

Rannan da la'asar sai hadari ya haɗo. Kawu, da ya baro dawarsa tana jiran ruwa, ya fito tsakar gida baki har kunne, ya ɗaga hannuwa.

"Alhamdu lillahi. Allah ka sako shi kamar da bakin ƙwarya."

Ba wanda ya ce amin. Mata na gudu da tabarmi, maza sun haye itatuwa suna sare dabinon da bai gama nuna ba. Ban taɓa zaton akwai inda ake roƙon Allah ya kau da ruwa ba.

Ruwan ya sauko. A Dandamisa yayyafi za mu kira shi. Amma dabinon gari ya jiƙe, bangon ɗakinmu ya narke, rufi ya rufta kan mazarƙwaila. Muna tsaye muna kallon noman Kawu yana malalowa ta ƙofa, baƙi, mai danƙo, haɗe da gishiri.

Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Baƙo, addu'arka ta karɓu. Sauran ka adana sai ka koma gida."

Hannu biyu muka dawo. Har Kawu ya rasu, in hadari ya haɗo sai ya dubi arewa tukuna, ya ce a hankali, "Allah ka kai shi inda ake so."