Yadda Na Zama Mutumin Wukari

Ni mutumin Bahuli ne, ƙauye kusa da Mubi, kowa ya sani. Amma a fayil ɗina na aiki, shekara uku cur, ni mutumin Wukari ne, kuma da hannuna na rubuta.

An ɗauke ni aikin sito a wani ofishin gwamnati a Mubi, lokacin Jihar Gongola tana sabuwa. Murna kamar ta kashe ni. Aikin ya zo da kaki biyu, da takalmi, da katin asibiti, ga hutun wata guda ana biyan ka kana zaune. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne waranti, wato takardar da ake ba ma'aikaci in zai tafi hutu, ya shiga mota kyauta shi da matarsa zuwa garinsu, ya dawo.

Ina cike fom, na rubuta Bahuli a wurin garin haihuwa, sai wani tsohon direban ofis, mutumin Michika, ya leƙo ta kafaɗata.

"Bahuli? Kai ƙanena, wa zai ba ka waranti zuwa Bahuli? In ka yi tari a nan, mamanka yana ji! Matarka ya taɓa ganin kogin Binuwai?"

"Ba ta taɓa ba, Baba. Ni ma haka."

"To, Allah ya ba da haƙuri," ya yi dariya ya wuce.

Ba zan ɗora masa laifi ba, shi wasa ya yi. Ni ne na ce na ɓata fom, na karɓi sabo, na tsaya gaban taswirar da ke bango na bi hanya da yatsa har ƙarshen jiha. Wukari.

Wannan tafiya! Da hutuna ya zo, matata ta ɗinka sabon zani saboda tafiyar. Da motar ta hau gadar Jimeta ta kama hannuna da ƙarfi, tana cewa, "Wannan duk ruwa ne? Ina yake zuwa?" Fasinjoji suna ta dariya, ni ina yi mata bayani kamar na saba, alhali ni ma ganina na farko ke nan. Bayan Jalingo muka fara ganin doya kamar cinyar mutum. A Wukari muka ci sakwara da kifi, muka zaga kasuwa kwana uku, muka dawo da manja da doya. Tsohuwata ta tara maƙwabta suka zo kallon doyar kafin a yanka. Shekara uku muna wannan, ina taƙama a ofis cewa ni na san yadda ake cin moriyar aiki.

Wata Litinin takarda ta zo daga hedikwatarmu a Yola. An sami gurbi ɗaya a siton Wukari, an tura ni can don in kasance kusa da gida. Na karanta sau uku. Gidana yana nan. Tsohuwata idonta ya fara raunana, ni kaɗai ne namiji, duk Asabar nake hawa keke in je in duba ta in taɓa gona. In na tafi Wukari, wa zai yi? In na faɗi gaskiya kuma, ana iya kora ta.

Ran Laraba shugaban ofis ya kira ni. Na tarar da wata mata zaune, ta girme ni, idonta ya yi ja.

"Ga 'yar garinku," in ji shi. "Sito take riƙewa a reshenmu na Maiha. Shekara biyu tana roƙon a mai da ita Wukari, 'ya'yanta suna can wurin kakarsu tun rasuwar mijinta. Yola ta ba ka gurbin. Ko za ka bar mata?"

Ga ƙofa a buɗe. Sai in ce na bar mata, in fita da sunan kirki. Har na buɗe baki, matar ta juyo ta gaishe ni da Jukunanci, yaren mutanen Wukari. Na yi murmushi na gyaɗa kai.

"Ɗan'uwa, a wace unguwa kuke?" ta tambaya da Hausa.

"Kusa da kasuwa."

"Gidan wa?"

Ban san gidan kowa a Wukari ba. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan Bahuli ne. Mota na so shiga kyauta, in je in sayo doya."

Shugaban ya cire tabarau ya dube ni. Matar ce ta fara magana. "Wato saboda doya 'ya'yana suka kusa ƙara shekara babu uwa?"



An rubuta mini takardar gargaɗi, aka riƙe ƙarin girmana, aka gyara fayil. Ba a kore ni ba, na zauna a Mubi. Bayan wata guda takardar komawar matar Wukari ta fito. Ni na ɗauki akwatinta a ka har tasha. Sai da ta zauna a mota ta leƙo ta taga.

"In ka zo Wukari ka neme ni," in ji ta. "Amma ka biya motarka."