Kaka Tanko da Kan Kifi

Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, ku da kuka cika ɗakin nan: akwai wadda ta taɓa ganin Kaka Tanko ya kai loma bakinsa a cikin gida? Babu! Ni jikarsa, ni nake masa girki, ni na san wahalar da na sha. Da an sallame Magariba sai ki ji sandarsa ƙwas, ƙwas a kan matakala, tabarma a hammata, yana ƙwala mini kira: "Amarya! Siniya!" Siniya fa ita ce ƙaton farantin nan nasa da za a iya kwantar da jarirai biyu a ciki. Ni kuwa in kinkimo ta daga hawa na uku har bakin titi, ina tafe ina mita. In ce, "Tsoho, wallahi sakina za ka yi, na gaji da auren nan." Ya ce, "Sauke tukuna, ma yi maganar saki bayan an ci."

Kun dai san yadda ya zo mana. Abbana ya ɗauko shi daga Bur Sudan, wai ya yi Umra, a duba masa gwiwa, bayan wata biyu ya koma. Yana nan yaƙi ya ɓarke a Sudan, Abba ya ce babu inda za shi. To tun ranar farko muka san mun ɗauko ruwan dafa kanmu. An shimfiɗa masa abinci a falo, ga sanyin na'ura, ga matashi a bayansa. Ya dubi abincin, ya dubi ƙofa a rufe, ya ce, "Wa ya mutu?"

Abba ya ce, "Babu wanda ya mutu, Baba."

"To me ya sa muke ɓuya?"

Kafin a ankara ya naɗe dardumar sallarsa ya yi ƙasa. Abba ya bi shi yana roƙo: "Baba, don Allah, nan Makka ce. Mutanen unguwar nan ta Tandabawi za su ce korar ka muka yi." Kaka ya zauna daram a gefen ƙofar gini, ya ce, "A unguwarmu mutum biyu ne ke ci a ɗaki, mara lafiya da ɓarawo. Zaɓar mini ɗaya." Abba ya juya. Ya hau sama da kansa ya sauko da abincin, yana ta waige kada abokan aikinsa su gan shi.

In kina son ki makara a aikinki, tambayi Kaka yadda ake ci a Bur Sudan. Sai idonsa ya yi haske. Ya ce da yamma in an tashi daga dako a tashar jiragen ruwa, kowa ya wanke gishirin jikinsa, sai ka ga siniyoyi na fitowa daga kowace ƙofa. Bahaushe ya fito da tuwo, Bayamane ya fito da gurasa mai zafi, Hadandawa 'yan asalin yankin su fito da jabana, gahawar nan tasu mai citta da ke sa mutum atishawa. A haɗe su wuri guda a kan tabarmi, ba wanda ya san na wa yake ci. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya fito da siniyarsa a rufe, ya ajiye cikin sauran, ba mai buɗewa, ba mai tambaya. Jirgi na busa ƙaho a teku, masu jakin ruwa na wucewa, su ma a jawo su. Ya ce, "Amarya, na yi shekara arba'in ban san ɗanɗanon miyar kakarki ita kaɗai ba, kullum a gauraye nake samun ta." Na ce, "Shi ya sa aurenku ya daɗe." Ya kai mini sanda, na goce.

A cikin labarin nan kuwa sunan mutum ɗaya ba ya fita: Ohaj. Bahadande ne, tare suka yi dakon buhuna tun suna samari, kuma a hannun daman Kaka yake zama. Kowace Juma'a ana kifi, kowace Juma'a sai sun yi faɗa a kan kai. Ba kan kowa ba, kan kifi! Shekara da shekaru manyan mutane masu furfura suna fizgar kan kifi ana raba su. To daf da yaƙin nan ɗan Ohaj ya kai shi Khartum aikin ido. Daga nan shiru. Wayarsa ta daina shiga, ta ɗan ma haka. Kaka ya kira duk wanda ya sani a unguwa, kowa ya ce ba shi da labari. Wasu har suka fara ce masa sai haƙuri. Ya ce, "Haƙurin me? Ohaj ya mutu bai gaya mini ba? Bai isa ba."

Shi ya sa kuka ga hannun damansa kullum fili. Mutane sun fara taruwa a tabarmar, Rafiƙ mai gadin gini, da 'yan Nijar masu aikin gini a bayanmu, da tsofaffin unguwa, amma wurin nan ba mai zama. Goggo Rabi, kin tuna ranar da limamin masallacinmu ya zo ya zauna a nan? Kaka ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, a masallaci kai ne gaba, ban taɓa musu ba. Nan kuwa matsa." Liman ya matsa kamar yaro! Ranar Juma'a kuma sai ya cire kan kifi ya ajiye a ƙaramin faranti a wurin da ba kowa. A ci a cinye, ya dubi hanya dama, ya dubi hagu, ya ce, "Ya makara. Shi ya jiyo." Sai ya ja farantin ya tsotse kan nan tas. Mu muna dariya daga taga, amma ni da nake kwashe kwanuka na san ba da daɗi yake haɗiye shi ba.

Sai azumi ya zo. Wayyo Allah, azumin nan! Ashe a can ƙasarsu in an kusa shan ruwa tare hanya ake yi, a tsayar da motoci, a sauke matafiya dole su sha ruwa. Mu ina muka sani? Ina cikin suyar sambusa na ji hon ya cika unguwa. Na leƙa. Me zan gani? Kaka ya warware rawaninsa, ya ba Rafiƙ gefe ɗaya, shi ya riƙe ɗaya, sun gitta shi a lungu kamar masu shanya! Kansa a buɗe, sanƙo na ƙyalli. Sun tare mai babur ɗin kai saƙo, sun tare wani ɗan Yaman mai tasi ɗauke da alhazan Indunusiya huɗu da ke gaggawar zuwa Harami. Mai tasi na ihu, "Ya Hajj, buɗe hanya!" Kaka na cewa, "Sauko! Wallahi ba mai wucewa da baki a bushe!" Alhazan nan ba su ji ko kalma ɗaya ba, suka ɗauka wata doka ce ta gari, suka fito a layi da fasfo a hannu. Kaka ya karɓe su da dabino.

Ana haka sai ga motar baladiyya, masu hana kasa kaya a titi. Na ce shi ke nan, yau iƙamar Abba, takardar zamansa a ƙasar, ta tafi, duk Sudan za mu kwana. Jami'in ya fito, saurayi ne tsaf da shi, ya ce, "Ya Hajj, wannan mamnu'i ne, an hana." Kaka ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka sha ruwa?"

"A'a, amma..."

"To da wane ƙarfi za ka kama ni? Zauna ka ci, in ka ƙoshi ka ɗaure ni."

Daidai nan aka kira salla. Yaron nan ya tsaya, ya dubi kunu, ya dubi Kaka, ya tuɓe takalmi. Bayan an ci ya roƙi Kaka da girman Allah ya bar gitta rawani, ya riƙa ɗaga hannu kawai. Kaka ya ce ya ji. Washegari jami'in ya dawo da kwanon shurba, romon nan na buɗa-baki, daga wurin mahaifiyarsa, ya tarar da rawani a gicciye. Kaka ya ce, "Ai hannun na ɗaga, rawanin ne ya biyo shi."

Maganar kifi kuwa, ni ta fi shafa. Duk wanda na sayo a kasuwar Ka'akiyya sai ya ɗaga shi ya shinshina, ya ce, "Amarya, wannan kifin ya riga ni zuwa Makka." Rannan na fusata na ce to ya je ya kamo da kansa. Ai kuwa ya ɗaga wa Abba hankali sai da ya kai mu Jidda, kasuwar kifi ta bakin ruwa. Mutumin da ke kukan gwiwa, sai ga shi yana gaba muna binsa da gudu! Ya tsaya gaban wani mai kifi ya nuna wani ƙato ya ce, "Wannan daga wane tsallake aka kamo shi, naku ko namu?" Mai kifi ya ce, "Ya Hajj, ai teku ɗaya ce." Kaka ya sunkuya daidai kunnen kifin, in ma kifi na da kunne, ya ce, "To kai da kake yawo, ba ka ga Ohaj ba?" Kasuwa ta kwashe da dariya. Da muka fito ya tsaya a bakin ruwa ya daɗe yana kallon yamma. Ya ce mini, "Ga gida can fa, Amarya. Kwana ɗaya ne a jirgi." Ban tsokane shi ba ranar, har muka dawo.

To ku riƙe zanenku, ga inda nake son zuwa. Wata Juma'a bayan Sallar Layya, an ci an watse saura mutum uku a tabarma. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran siniya. Kaka ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ce, "Ya makara," ya ɗauki kan kifi. Ya buɗe baki ke nan sai wata tasi ta tsaya. Muka ji wata murya kamar ta tsohon rago, da Hausa a karkace: "Ajiye shi, ɓarawo!"

Jama'a! Wani dogon tsoho ne siriri, farar riga da 'yar shara baƙa, ido ɗaya a rufe. Ni dai na saki ihu ban san na yi ba. Kaka bai juya ba. Wallahi bai juya ba! Ya dubi kan kifin da ke hannunsa. Ya mayar da shi cikin faranti a hankali, ya tura shi dama, ya ce, "Shekara nawa ana jiran ka, sai da miya ta huce." Ohaj ya zauna a wurinsa kamar jiya ya tashi, ya ɗaga kan ya duba, ya ce, "Ka ciji kunci ɗaya." Kaka ya ce, "Ladan ajiya ne." Daga nan suka rungume juna, tsofaffi biyu suna kuka kamar an yaye su, Rafiƙ na kuka, ni ina kuka, har mai tasi.

Kun san wane mai tasi? Ɗan Yaman ɗin nan da aka tare da rawani! Ashe Ohaj daga Khartum sai Masar suka tsira, waya ta ɓace a hanya da duk lambobin da ke cikinta. Da jikansa da ke aiki a Jidda ya kawo shi Umra, abin da ya sani kawai Tanko na Makka. Ya shiga tasi ya ce a kai shi inda Hausawa suke, yana neman wani tsoho da ba ya cin abinci a ɗaki. Mai tasi ya taka birki ya ce, "Mai rawani? Wannan ai duk direban Makka ya san shi, lungunsa muke gudu in azumi ya zo!" Da Kaka ya ji wannan sai ya juyo ya harari Abba, ya ce, "Da na biye maka na zauna a falo, a wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?" Abba ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ka yi gaskiya, Baba."

Juma'a tara suka samu tare. Na ƙirga, don ni nake soya kifin, kuma duk taran sai da aka raba su faɗa. Ta goma ce Kaka ya ce jikinsa ba daɗi. Muka ce to yau dai a ci a sama. Ya ce, "Na zama ɓarawo ke nan?" Na ce, "A'a Tsoho, mara lafiya ka zama, kai ka ce an yarda masa." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Amarya, kin kama ni." Amma bai ci ba. Ya sa aka buɗe taga don ya ji hayaniyarsu a ƙasa, ya ce in kai wa Ohaj kan kifin duka, yau ya bar masa. Kafin la'asar ta washegari Allah ya karɓi abinsa.

Yau Juma'a. Ɗazu na leƙa, Ohaj na ƙasa shi da Abba sun shimfiɗa tabarma. Ohaj ya zauna a wurinsa na dama, ya bar na Kaka fili, ya ajiye ƙaramin faranti a wurin da ba kowa. Kifi na nan na soya, ku matsa mini in wuce da siniya kada ya huce.

Allah ya jiƙan Kaka Tanko, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai taɓa rufe ƙofa ya ci shi kaɗai ba, Allah kada ka bar shi shi kaɗai. Ka zaunar da shi cikin mutanen kirki, ka bar masa fili a hannun dama. Ka zaunar da ƙasarsu lafiya, siniyoyi su sake fitowa. Amin.