Jitar Isifu da sunan maigidana

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da aka kira maigidana ɓarawo a kasuwar Jugu ba. Ban yi karatu ba, jikata ce ke rubuta wannan, don ku masu gyaran kayan sauti ku ji.

Lokacin ƙasar nan ana ce mata Dahome. Malam, maigidan nawa, yana da shagon gyaran rediyo a Ladjifarani, cikin Paraku, ni kuma ina aiki tare da shi. Ni ke hura gawayi in gasa ƙarfen narka dalma, ni ke riƙe masa waya in zai liƙa. Danginsa duk fataken goro ne, ba su taɓa son sana'arsa ba.

Wani makaɗi daga Jugu, Isifu, ya kawo jita da sabon mikro da ya sayo a Kwatano, a ɗaura masa. Mikro ɗan maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya. Ƙarƙashin tsirkiya yake zama, ya ɗauki motsinta ya kai wa ampli, akwatin da ke ƙara murya. Malam ya ɗaura, aka gwada, har maƙwabta suka leƙo. Isifu ya tafi yana murna.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo daga yayan Malam, Alhaji Buraima. Wai Isifu ya tsaya a rumfar goron Alhajin a kasuwar Jugu yana ihu: "Ƙanenka ɓarawo ne! Ya cire mikrona na Turai ya sa mini gawa!" A gaban masu ciniki, a gaban surukai.

Muka ɗauki kayan aiki muka hau mota zuwa Jugu. Malam ya so a yi gwajin a rumfar Alhaji. Isifu ya ce ampli na da nauyi, a zo ɗakinsa. Muka bi shi, mu uku kawai.

Gaskiya ne, jitar ba ta da murya, sai ka kasa kunne. Malam ya bi aiki daki-daki. Ya canza wayar da ke zuwa ampli, babu canji. Na gasa ƙarfe ya sake liƙa kowace mahaɗa. Ya ɗaga mikron kusa da tsirkiya. Shiru. Sai ya ƙwanƙwasa mikron da bakin wuƙa, ampli ya yi ƙara kamar an buga ƙofa.

"Mikronka na da rai," in ji Malam. Ya shafa tsirkiyoyin, ya tsaya. "Isifu, ina na ƙarfen da ka zo da su?"

"Suna yanka mini yatsu, biyu ma sun tsinke. Na sa waɗannan, sun fi laushi."

Zaren kamun kifi ne, na roba. Maganaɗisu ba ya jin roba. Malam ya samo wayar birkin keke ya warware, ya zare sili ɗaya ya ɗaura. Da aka taɓa shi sai da kwanon ɗakin ya amsa.

Isifu ya fashe da dariya. Dariya fa! "Kai, Mai-rediyo, ashe kai boka ne!"

Na ce, "Boka ko ɓarawo? Tashi mu je rumfar Alhaji ka faɗa da bakin da ka yi ihun."

"Haba Inna, abin bai kai nan ba. Gobe zan je."

Bai je ba. Da Malam ya yi wa yayansa bayani, Alhaji ya ce, "Ni abin da na ji a kasuwa na sani. Wa ya aike ka taɓa kayan kiɗa?" Malam mai haƙuri ne, ya bar maganar. Ni ban haƙura ba, har yau ban haƙura ba.

Darasin shi ne: in aka dawo muku da aiki, ku fara tambayar me mai shi ya canza bayan ya bar hannunku. Kuma in an zarge ku a bainar jama'a, kada ku yarda ku wanke kanku a cikin ɗaki. Ku ɗauki amplin a ka, komai nauyinsa.

Ranar da Malam ya rasu, ina zaune cikin masu gaisuwa, hawaye bai bushe mini ba, na ji wata 'yar Jugu tana raɗa wa ta kusa da ita: "Ai shi ne wanda ya cinye mikron makaɗin nan. Allah dai ya yafe masa."