Ranar da Masara Ta Kori Baƙi daga Gindin Murhu

Kullum da sassafe Gwaggo Stamena, mai kula mana da shuke-shuke, ke jingine kekenta a ƙofar ɗakin gilashin da muke renon shuka a tashar bincikenmu ta Banat. Sai ta bi tukwane tana tsoma yatsa cikin ƙasa, tana yi wa masara faɗa kamar jikokinta. A watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa ba zan yi shiru ba.

Karatuna a kan ganyen masara ne. Yakan fara kamar ɗan zobe a kan tsiro, bai kai ƙwayar riɗi ba. Daga nan gindinsa ya rungume kara, samansa ya baje, a tsakani kuma a sami gaɓar da ke kwantar da shi ya sha rana. Tawa masarar ba ta da wannan gaɓa, ganyenta a murɗe yake. Ita nake dubawa don gane yadda gaɓar ke samuwa. An yi mini dariya, ban fasa ba. Sai dai irin ya ƙare, saura 'yan tukwane. In suka mutu, shekaruna sun tafi a banza.

Ana tsakiyar sanyi injin ɗumama ɗakin ya lalace, ina can Belgrade, ƙanƙara ta rufe hanya. Ranar kuma Slava ce a gidan Gwaggo, bikin waliyyin gida, wanda ba a korar baƙo a cikinsa. Ta bar girki, ta yi ta jigilar tukwanen masarar a baro daga tashar zuwa gidanta, ta jera su kan kujerun gindin murhu. Baƙi suka ci naɗin kabeji a tsaye, a bakin ƙofa.

Mijinta Milutin ya ce, “Stamena, kujerata ce fa wannan!”

“Kai kana da kwat. Ita tana da shi?”

Maƙwabcinsu Radoje, tsohon manomi, ya ga ganyen sai hannunsa ya tafi da kansa, don a garinmu manomin kirki ba ya barin mummunar shuka a tsaye.

“Wannan ai cuta ce, bari in tuge miki.”

Ta kwaɗa masa ludayi. “Tuge gashin hancinka tukuna! Ta yarinyata ce.”

Da Fada, limamin cocinsu, ya zo sa albarka, ta tura shi ya fara yayyafa wa tukwane ruwa kafin mutane.

Ke ce garkuwar munana, Gwaggo. Mako guda kina tashi ƙara itace, bayanki na ciwo, ba ki taɓa faɗa mini ba.

Ko ɗaya ba ta mutu ba. Suka yi goyo, na sami iri, na kammala digirina. Milutin ya kwanta da mura, har yau in ya gan ni sai ya ce, “Dakta, rabin takardar nan na hancina ne.”

Na gode, Gwaggo. Ku da ke riƙe da amanar abin da ba ku ga kyansa ba, ku riƙe shi kamar yadda ta riƙe, ko da maigida zai yi atishawa.