Gwaggo da Ɓular Zanan Gidan Kallo

Har yau in warin hayaƙin janareta ya haɗu da ƙamshin soyayyen kifi, sai in tuna gwaggona, ƙanwar babanmu, mai tuyar kifi a jikin zanan gidan kallo, bayan kasuwar Wara.

Wata damina jirgin kasuwa ya kife da ɗanta na fari a tafki, ba a ga gawarsa ba. Aka yi zaman makoki, kowa ya ce mata sai haƙuri, aka watse. Da kaka, bayan yankan shinkafa, mai gidan kallo ya kawo wani fim na Turawa. Mai fassara ya yi rantsuwa cewa ba wasa ba ne, abin da ya faru ne aka ɗauka. Hoto na rawa, murya na shaƙewa, an zaunar da wata mata ana yi mata tambayoyi, wai wasu halittu sun sauko daga sama sun ɗauke mata ɗa a gona. Ka yarda da ni, ko ƙafar halitta ɗaya ba a nuna ba, ihu ne kawai da haske. Da gangan aka girgiza hoton don ya yi kama da shaida, kuma wannan rantsuwar ta fi tsoron ba ni haushi.

Mata ba sa shiga, sai Gwaggo ta ɓula zana tana leƙe. Duk la'asar ɗin da aka sa fim ɗin, kifinta ƙonewa yake yi. Hankalin Baba ya tashi, yana gudun kada ta sa wa ranta cewa sama aka kai ɗanta, za a dawo da shi. Ya same ta bakin murhu ya ce mata shiri ne, 'yan wasa ne.

"Na san ƙarya ta, Yaya," in ji ta. "Nawa ruwa yac ci shi. Amma dubi, ita an zamna ana tambayarta. Ni wa ya tambaye ni?"

Sai Baba ya jawo kujera, ya ce, "To, ba ni labarinai." Har aka kira magariba tana magana.

Yanzu gidan kallon ya mutu, irin wannan ƙaryar tana cikin wayar kowa. Mu kuwa in mun je gaisuwar mutuwa, har gobe sai haƙuri muke cewa, mu nemi takalmanmu.